Gilashin Da Ke Jawo Nesa Kusa

Haske shi ne jarin mai ɗaukar hoto. Tsohon gilashin kyamarata, mai zuƙo nesa daga milimita 70 zuwa 300, ƙofar haskensa kan tsuke zuwa f/5.6 idan aka kai shi ƙarshe. Saboda haka da sanyin safiya, lokacin da masunta ke jan taru a Madatsar Ruwa ta Goronyo, sai dai ya ba ni hoto dishi-dishi. Bana na sayi mai milimita 70 zuwa 200 da ƙofa f/2.8, wadda ke shigar da haske ninki huɗu. Ya fi nauyi, ya fi tsada, amma yanzu ko ɗigon ruwan da ke zuba daga taru yakan tsaya cak.

Sai dai wannan ƙarfi amana ce. Daga gaɓar Kogin Rima ina iya ɗaukar fuskar mutum bai san da ni ba. Yankin da ambaliyar 2010 ta ci gidajensa da gonakinsa ya cancanci a adana tarihinsa a hotuna, amma ba ta hanyar sata ba. Shi ya sa na kafa wa kaina doka: tsuntsu daga nesa, mutum kuwa sai na taka na yi sallama, ya amince tukuna.