Zamanin da Ake Haƙo Saiwar Lambobi da Alƙalami

Ɗauki 7, lambar da babu mai raba ta daidai sai 1 da ita kanta. Sai ka kama 3 ka yi ta ninka ta da kanta, duk sa'ad da ka haura 7 ka zubar da bakwai-bakwai ka riƙe saura. Abin da zai fito shi ne 3, 2, 6, 4, 5, sannan 1. Kaf lambobin da ke ƙasa da 7 sun bayyana, ba a tsallake ko ɗaya ba. Gwada da 2 kuwa: 2, 4, 1, har ta koma inda ta faro. Wannan 3 ita ce saiwar asali ta 7. Ita 2 ba ta kai ba.

Gauss, Bajamushe, yana ɗan shekara 24 ya kawo cikakkiyar hujja a littafinsa Disquisitiones Arithmeticae na 1801 cewa duk lambar da ba ta rabuwa tana da saiwarta. Gano saiwar kuwa sai da gwaji, kuma a wancan zamani gwaji na nufin alƙalami da tawada da zaman dirshan.

Aikin da ya fi burge ni shi ne na masanin lissafi Jacobi. A 1839 ya fitar da Canon Arithmeticus a Balin, littafi cike da jadawalin irin wannan jeri ga lambobi marasa rabuwa da ke ƙasa da 1000. Ita 997 kaɗai tana bukatar matakai 996, kowane mataki a kan na bayansa yake tsaye. Aka kuskure ɗaya, duk na gaba sun lalace. Shaidar an yi daidai ita ce 1 ta fito a matakin ƙarshe cif, ba kafin nan ba. To me ya sa mutum zai sha wannan wahala? Saboda jadawalin yana mayar da ninki ya zama tarawa. A jerinmu na 7, lamba 6 ce ta uku, 4 ta huɗu. Uku da huɗu bakwai, a zagaye mai gida shida ka dawo gidan farko, wato 3. Duba mana: 6 sau 4 ya ba da 24, zubar da 21, saura 3.

Inda gizo ke saƙar shi ne tarawa, don jadawalin bai sauƙaƙa ta ba. Ita ma 5 saiwar 7 ce, kuma 3 da 5 takwas ne, saura 1. A 1984 Solomon Golomb a Amurka ya yi hasashen cewa duk lamba mara rabuwa da ta wuce 2 tana da saiwoyi biyu, ko saiwa ɗaya sau biyu, da jimillarsu za ta bar saura 1. Ba don nishaɗi ya tambaya ba. Yana amfani da jimillar irin waɗannan ninke-ninke wajen tsara siginar na'urorin da ke gano jirage a sama da ƙarƙashin teku. An tabbatar da hasashen daga baya, da taimakon kwamfuta.

Kwamfutar ce ma ta gyara wa Emil Artin lissafi. A 1927 ya yi hasashen cewa lamba irin 2 saiwa ce ga wajen kashi 37 cikin 100 na lambobi marasa rabuwa. A 1957 Derrick Lehmer da matarsa Emma suka ƙirga da na'ura, suka ga ƙiyasin bai zauna ba a kan wasu lambobi irin su 5, Artin ya koma ya gyara. Hasashen kansa har yau bai samu cikakkiyar hujja ba. A 1986 Roger Heath-Brown ya nuna cewa cikin 2 da 3 da 5, aƙalla ɗaya saiwa ce ga lambobi marasa rabuwa da ba su da iyaka, amma hujjarsa ba ta nuna wacce daga cikin ukun ba.