Gonar Inabi Ta Kiremisan A Kan Duwatsun Yahudiya

Sa'ad da muka tafi ziyara Ƙasa Mai Tsarki, Baitalami kaɗai yawancinmu muke ɗokin gani. Amma da muka fito daga Cocin Haihuwa, sai ja-gorarmu ya ce akwai wani wuri kusa wanda bai kamata malaman makaranta su wuce ba. Mota ta hau da mu ta cikin garin Bait Jala, hanya tana ta lanƙwasa, har muka yi wajen kilomita 5. Nan muka iso Kiremisan, gidan Fada-fada da gonarsu ta inabi, a gefen dutse mai tsayin mita 850 daga bakin teku.

Abin da ya fara ɗauke mana ido shi ne gangaren dutsen. An yanka shi hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da katangarsa ta duwatsu, ba laka ba siminti. Waɗanda suka san gonakin Sukur a ƙasar Adamawa sun gane dabarar nan da nan. Katanga tana riƙe ƙasa kada ruwa ya kwashe ta, tana kuma sa ruwan ya nutse. Wannan wajibi ne, gama a can da sanyi ake ruwan sama. Daga watan Mayu har Oktoba da wuya a ga ko yayyafi, sai kuringa ta rayu da abin da saiwarta ta samu a ƙarƙashin dutse, da raɓar asuba.

Wani Fada mutumin Italiya, Antonio Belloni, shi ya kafa wurin a 1885. Yana da gidan marayu a Baitalami, har Larabawa suka sa masa suna Uban Marayu. Ya ga cewa roƙo ba zai ciyar da yara kullum ba, saboda haka ya dasa inabi domin gona ta riƙe makaranta, mutanen gari kuma su sami aikin yi. A 1891 ya haɗa aikinsa da ƙungiyar Salesiyan ta Don Bosko, su ne kuwa suke riƙe da wurin har yau.

Mun je ne a watan Satumba, lokacin girbi. Da hannu ake yanke nonnan inabi, gama babbar motar noma ba ta iya bin waɗannan ƙananan hawa. Ana matse 'ya'yan, a bar ruwan ya yi tsami har zaƙinsa ya juya, sa'an nan a adana shi cikin ganguna na katako a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi. Suna amfani da irin inabin ƙasar, wato Hamdani, Jandali, Dabuki da Baladi. Wani kashi na ruwan inabin coci-coci ne suke saye domin Jibin Ubangiji. Mu dai ba mashaya ba ne, mun kuwa faɗa musu haka. Ba su ji haushi ba. Muka ci ɗanyun 'ya'yan inabi, muka sayi man zaitun na gonar.

Shekara da shekaru muna koya wa yara Ishaya sura 5 da Yohanna sura 15, alhali ba mu taɓa ganin kuringa ba. A wannan yanki muka ga duwatsun da manomi ya tsince daga gona, da ƙananan hasumiyoyi inda iyali sukan kwana suna gadi a lokacin girbi. Aka bayyana mana cewa a watan Janairu ko Fabrairu akan datse yawancin rassa, har kuringa ta zama kamar busasshen kututture. In ba a yi haka ba, ganye za ta yi ta yi, 'ya'ya kuwa ƙanana masu tsami. Wanda ya dasa sabuwa kuma sai ya jira wajen shekara 3 kafin ya ɗanɗana.

Amma akwai abin baƙin ciki a kwarin nan. Bayan yaƙin 1967 an gina unguwannin Isra'ilawa biyu, Gilo da Har Gilo, a kan tuddan da suke gefensa. A 2002 Isra'ila ta soma gina katangar da ta ce ta tsaro ce, aka kuwa shata hanyarta ta bi ta kwarin Kiremisan. Iyalai 58 na Kirista, masu gonaki a wurin, suka kai ƙara. Tun daga 2011 masu bi suka riƙa taruwa kowace Jumma'a suna sujada a ƙarƙashin itatuwan zaitun. A watan Afrilu 2015 babbar kotun Isra'ila ta ce a nemi wata hanya, mutane suka yi murna. Amma a Yuli na shekarar kotun ta ba da izinin gini, a Agusta kuwa aka soma tumɓuke tsofaffin itatuwan zaitun.

Ya ku masu karatu, yawancinmu 'ya'yan manoma ne, mun san zafin a raba mutum da gonar ubansa. Gonar dutse ba ta jure wa rashin mai ita. In katanga ɗaya ta rushe ba a gyara ba, ruwan shekara guda ya isa ya kwashe ƙasar da kakanni suka tara. Kiristocin yankin Baitalami da yawa sun riga sun yi ƙaura zuwa Amurka ta Kudu da ta Arewa. Waɗanda suka rage suna nan suna datse kuringa kowace shekara. In kun taru yin addu'ar iyali da dare, ku tuna da su, da maƙwabtansu Musulmi da Yahudawa.