Kaset Ɗin Makafi Biyu

Mai karatu, ni sana'ata gyaran rediyo ce, a wata 'yar rumfa cikin kasuwar Babban Mutum, dab da iyakar Nijar. Wata rana cikin 2006 wani direba mai jigila tsakaninmu da Magarya ya kawo mini rikodar motarsa, wai tana cin kaset. Na kwance ta, na goge kai, na sauya bel, na ce ya ba ni kaset mu gwada. Ina dannawa sai na ji jiniya da hayaniyar titi. Na ce, "Malam direba, ai rikodar nan ba ta gyaru ba." Ya kwashe da dariya ya ce, "Haka waƙar take, kai dai saurara."

Can sai jita ta shigo, namiji ya ɗauka, mace ta amsa. Ko kalma ɗaya ban ji ba, don da Bambaranci da Faransanci suke yi, amma wallahi sai na tsinci ƙafata tana buga ƙasa. Ya ce mata da miji ne 'yan Mali, Amadou da Mariam, kuma dukansu makafi ne.

Gabana ya faɗi. Domin kuwa a gida ina da 'ya 'yar shekara shida wadda ƙyanda ta tafi da idanunta, kuma a makon nan ne kawuna ya zo ya ce mini, "Kai yaro, ba ni ita in haɗa ta da wata tsohuwa su riƙa zuwa Daura ran Juma'a, ko ba komai ta sama wa kanta abin sabulu." Ban amsa ba, ban kuma ƙi ba, saboda ni ma ban san wata hanya ga makaho ba in ba ƙoƙon bara ba.

Na roƙi direban ya bar mini kaset ɗin na kwafa, daga baya na bi diddigin masu shi. Ashe Mariam Doumbia ma ƙyanda ce ta makantar da ita tana shekara biyar, shi kuwa Amadou Bagayoko yana saurayi ganinsa ya tafi. A makarantar makafi ta Bamako suka haɗu cikin shekarun 1970, suka yi aure a 1980. A 1986 suka koma Abidjan suna buga kaset irin wanda nake gogewa kullum. Sun fi shekara ashirin suna wannan fama kafin wani mawaƙin Faransa, Manu Chao, ya ji su a rediyon mota ya nemi su yi aiki tare. Shi ya shirya musu wannan faifai, Dimanche à Bamako, wato Lahadi a Bamako, ranar da ake bukukuwan aure a birnin. Hayaniyar da na ɗauka lalacewa ce, da gangan aka naɗo ta aka zuba cikin kiɗan. Faifan ya fito a Faransa a 2004, ya ci lambar Victoires de la Musique a 2005, BBC ma ta karrama su a 2006. Duk da haka wasu masu sharhi sun yi ƙorafin cewa hannun Manu Chao ya yi yawa a ciki.

To, a rumfata ma an yi sharhi. Wani dattijo ya ce, "Ai bara ce dai, sai dai ta Faransanci." Samari suka ce ba kalangu, ba ta rawuwa. Mai shayi ne kaɗai ya ce in kwafa masa.

Da dare na kai kaset gida na saka wa yarinyar. Ta yi tsit har fuska ɗaya ta ƙare, sannan na gaya mata matar nan ba ta gani. Ta ce, "Baba, to wa ya koya mata?" Na ce makaranta. Ta ce, "Akwai ta makafi?" Allah sarki! Kunya ta kama ni, ban yi barci ba. Washegari na je na durƙusa gaban kawu na ba shi haƙuri. Ya yi fushi, wata uku ba ya amsa gaisuwata. Da shekara ta zagayo na sayar da akuya biyu na kai ta makarantar makafi a Katsina.

Ba ta zama mawaƙiya ba, ni ma ban so hakan ba. Amma tana karatu da yatsunta, tana koyar da yara, kuma kawu kafin ya rasu ita yake kira ta riƙe masa lissafin gero.

Amadou ya rasu a Bamako ranar 4 ga Afrilu 2025, watanni bayan sun yi waƙa a bikin rufe gasar wasannin masu buƙata ta musamman a Paris a 2024. Ita ta fara jin labarin, ta bugo mini waya ta ce, "Baba, kaset ɗin nan yana nan?" Yana nan cikin akwatin kayan aikina, ya tsinke sau biyu na liƙe. Allah ya jiƙansa, ya ba matarsa haƙuri.