Tsoron da ake ƙerawa da fitila da goge

Wallahi har yanzu gabana bai daina faɗuwa ba! Daren jiya a nan Tawa kuran ya ɗauke, muna zaune tsakar gida, sai ƙanena ya jawo kwamfutarsa ya ce, "Yaya, zo ka ga wani tsohon fim." Psycho ne, na Alfred Hitchcock, na 1960, baƙi da fari.

Akwai wurin da Norman, mai gidan saukar baƙi, yake hira da baƙuwarsa a ɗan falo. Hira ce kawai, da fara'a ma. Amma me ya sa tafin hannuna yake gumi? Na ce a maido baya. Ashe kyamara ce ta durƙusa ƙasa tana kallonsa daga can, ga mujiyar da aka busar a bango ta buɗe fukafukai bisa kansa, ga inuwarta ta miƙe. Fitila ta haska gefe ɗaya na fuskarsa, ɗaya gefen yana cikin duhu. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa kowa ba, amma an riga an faɗa wa idona cewa mutum biyu ne cikin rigar nan.

Sai wurin kisa a makewayi. Ƙanena ya kashe sauti, muka sake kallo: guntayen hotuna ne, hannu, baki, ruwa, labule, an yayyanka su suna bin juna da sauri. Ya kunna sauti, sai na zabura! Bernard Herrmann da kayan tsirkiya kaɗai ya shirya kiɗan fim ɗin baki ɗaya, ba ganga ba ƙaho. Duk ɗan Adar da ya taɓa jin goge yana tsananta a dandalin bori ya san abin da tsirkiya take yi wa tsikar jiki. Hitchcock da farko ma bai so a sa kiɗa a wurin ba. Ƙarar wuƙar kuwa, wani ɗan itace dangin kankana aka daddaɓa wa wuƙa aka naɗi sautin.

Nan take Moustapha Alassane ya faɗo mini a rai, mutumin da ya zauna garin nan shekaru da yawa, yana riƙe da otal yana kuma zana finafinansa, har ya rasu a Wagadugu a 2015. Da wasan inuwa ya fara tun yana saurayi, fitila da zanen hannunsa, kafin ya haɗu da mai shirya fim Jean Rouch a Yamai, kafin ya je Kanada wajen mai finafinan zane Norman McLaren. Ya san aikin haske tun daga tushe!

Kuma fim ɗinsa Toula, na 1973, wanda ya yi tare da Anna Soehring daga labarin Boubou Hama, ya nuna cewa tsoronmu ba sai da dare ba. Fari ya ci ƙasa, an ce sai an ba da budurwa kafin ruwa ya samu, saurayinta ya bazama neman ruwa don ya cece ta. Fargabar nan a tsakar rana take, a jira, a sama wadda ba gajimare. Fim ɗin ya fito ne a shekarun babban farin da ya cinye dabbobin Azawak da gonakin Adar.

Yaranmu na ɗaukar bidiyo da waya kullum, ga duwatsun Keita da Buza, ga hazon hunturu da ke dushe rana. Ina so a kafa majigi a fili a Tawa a haska musu Toula, su zauna kusa da lasifika.