Masu bin sawun bika a Gashaka

Mutumin Dapchi da ya saba da rairayi da ƙaya, idan ya wuce Jalingo da Bali ya isa Serti, idonsa sai ya gaji da kore. A nan hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take, wanda aka kafa a 1991, kuma babu gandun da ya kai shi girma a Najeriya. Ruwan da ke sauka a Kwano, can cikin dajin, yana kusan milimita 2,000 a shekara; mu kan haɗa damina uku ba mu ga haka ba.

Amma ba ruwan ne ya fi burge ni ba, haƙurin mutanen ne. A shekarar 2000 Farfesa Volker Sommer na wata jami'ar Landan ya kafa aikin nazarin birai a wurin, tare da 'yan yankin da suka san dajin tun suna yara. Garke biyu na bika suka saba da su, na Kwano da na Gamgam mai ɓarnar masara. Tun asuba ake bin su, an san kowanne da fuskarsa, har a ga ya yi kashi a tsugunna a ɗiba. Da farko dariya na yi. Ashe a cikin kashin nan ake auna ragowar sinadaran homon, a san abin da ya gudana a jinin dabba jiya ko shekaranjiya, ba allura, ba tarko.

Abin da ake karantawa kuwa tsari ne mai ban mamaki. Wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwar namiji yana sakin sinadarin GnRH, ba kwarara ba, ɗigo-ɗigo, kamar mai ban ruwa a fadamar Gashua da ke buɗe hanyar ruwa ya toshe. Saƙon ya isa ga wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashinsa, shi kuma ya aika LH da FSH cikin jini zuwa maraina. LH ke sa a samar da testostiron, FSH ya taimaka wajen yin maniyyi. Testostiron ya yi yawa, sai ya koma ya sa ƙwaƙwalwa ta sassauta. Ernst Knobil ya nuna a Pittsburgh a 1978, da birai, cewa in aka zuba GnRH ba tsayawa, aikin cik yake tsayawa.

Da irin wannan tsintar kashi masu bincike a Amboseli ta Kenya suka bayyana a 2011 cewa shugaban garke yana da testostiron mai yawa, amma sinadarin damuwarsa ya yi daidai da na 'yan baya-baya. Mai bi masa a matsayi ya fi shi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Faɗa da gadin mata na babba ne.

Gashaka ma tana da nata abin faɗa, kuma a kan ɗinya ne, wadda yaranmu ke sha har baki ya yi baƙi. James Higham da abokan aikinsa sun wallafa a 2007 cewa lokacin da bika ke cin 'ya'yanta ko sabon ganyenta, wani sinadari mai kama da na masu ciki yakan hau a jikin matan. Kumburin da ke nuna mace ta shirya ba ya fitowa, mazan kuma su daina raka su, kowa ya koma kiwonsa har ɗinyar ta ƙare.