Gambar Kawu

Ban san gamba tana da daraja ba sai da na gan ta a inda ba a haife ta ba. Ina ɗan shekara goma sha uku aka tura ni hutu wurin kawuna a Anacha, inda yake sayar da albasa a Kasuwar Ose Okwodu, a bakin Kogin Kwara. Rumfunan maƙwabtansa duk na kwano ne da leda, shi kuwa tasa zana ce ta kewaye ta. Kowace shekara, in kaka ta yi, sai a ɗoro masa zana biyar ko shida a kan buhunan albasa daga gida. Hujjarsa ita ce albasa tana son inuwa mai numfashi. Kwano dafa ta yake yi, leda kuwa ruɓar da ita.

Zanar nan daga gonarsa take fitowa. Mai karatu da ya tashi a birni zai ɗauka gamba ciyawar daji ce kawai, wadda Allah ke fitarwa a yanka. To, a ƙauyenmu dasa ta ake yi. In damina ta zauna, sai a haƙo tsohon gindi, a tsattsaga shi da gatari, a bi iyakar gona ana binnewa taki ɗaya ɗaya. Shekarar farko ba ta da wani abin kirki. Daga ta biyu sai ta yi tsiri ta wuce kan mutum, ta tare iska da yashi, kuma ba a sake dasa ta. A yanke ta da kaka a saƙa zana, ta sake tohowa tun kafin ruwa ya sauka, lokacin da dabba ba ta da ko ɗanyen ganye. Uwa uba, ita ce shaidar iyaka. Dutse ana iya gusar da shi da dare, amma saiwar gamba ba ta tafiya.

Kawu ya taɓa gwada dasa gindi guda a bayan masaukinsa a Anacha. Ta kama, ta yi kore shar, har ta fi ta gida tsawo. Sai dai da ya yanka, danshi bai bar karan ya bushe yadda ya kamata ba, ya yi baƙi. Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, ita ma baƙuwa ce irinmu. Ta ci ta ƙoshi, amma amfaninta yana gida."

Da na girma na tarar ta fi kawu nisan tafiya. A 1973 aka ɗauki irinta daga tashar bincike ta Shika, kusa da Zariya, zuwa ƙasar Kolombiya, a 1980 aka raba wa makiyayan can da sunan Carimagua 1. A Ostareliya kuwa tun shekarun 1930 aka shigar da ita don kiwo, ta fi ƙarfin shanun, ta mamaye dajin arewacin ƙasar, gobararta tana cinye manyan itatuwa, har a 2012 hukuma ta sa ta cikin miyagun ciyayin ƙasa. Abin da ya ba ni dariya, ni malamin adabi, shi ne har yau da sunanta na Hausa suke kiranta, suna tsine mata. Ba su da masaƙa zana, shi ke nan.

Bayan rasuwar kawu, Allah Ya jiƙansa, magada suka ga layin gamba yana cin wurin kunya biyu ta gero, suka sa aka tumɓuke. Ina nan aka yi, ban ce uffan ba, don a lokacin ina ganin maganar ciyawa ba ta kai in sa baki ba. Damina uku bayan haka aka fara jayayya da maƙwabci a kan iyaka, har gaban dagaci, kuma zumuncin gidajen biyu bai koma daidai ba.

Bara na je na roƙi gindi biyu a wurin wani tsoho, na tsattsaga na dasa a gefen da babu gardama. Rabi sun kama, awaki sun cinye sauran.