Magen Inna

A watan Agustan 2021 katangar bayan gidanmu da ke Tsaskiya ta sha ruwa ta zube da asuba. Ba ta taɓa mutum ba, amma ta danne magen Inna daga kwankwaso zuwa wutsiya. Da aka yaye ƙasar sai magen ta fito da rai, tana jan jiki da ƙafafun gaba, na baya suna biye da ita kamar tsumma. Kafin la'asar aka lura fitsari yana ɗiga daga jikinta ba da saninta ba.

Ina Katsina wurin aiki Inna ta sa ƙanena ya kira ni. Har yau ina jin kunyar shawarar da na bayar: a kai ta bayan gari a ajiye. Tsaskiya tana cikin ƙaramar hukumar Safana, yankin da dajin Rugu ya hana barci, kuma a lokacin rabin aikina na jarida shi ne ƙirga waɗanda 'yan bindiga suka kashe ko suka sace a Safana da Batsari. A ganina, inda ran mutum bai tsira ba, jinyar mage ɓata lokaci ce. Inna ta karɓi wayar ta ce, "Kai ɗan nan, wadda ta shekara shida tana tsare mini hatsi daga ɓera? Nemo mini mai sani."

Na nemo wani likitan dabbobi. Bayaninsa shi ne, saƙon da ke tafiya daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafun baya da mafitsara ta cikin lakar ƙashin baya yake bi. Idan lakar ta ji rauni, dabba ba ta jin mafitsararta ta cika, ba ta kuma iya sakin fitsarin da kanta. Ɗigon da muke gani ambaliya ce kawai, mafi yawan fitsarin yana nan kwance a ciki. Wannan kwantaccen fitsarin shi ke tara ƙwayoyin cuta, ya hau zuwa ƙoda, ya kashe dabbar tun kafin shanyewar ƙafafun ta yi mata komai. Dole sai an matse mafitsarar da hannu sau uku ko huɗu kowace rana. Ya kuma ja kunnena kada a kuskura a ba ta Panadol don tausayi, domin hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Muna cikin wannan koyarwa ta waya, a watan Satumba aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Safana da Batsari. Babu sauran kira. Sai likitan ya nuna mini da hannu a jikin wata magen da aka kawo masa: a tallafe cikin daga ƙasa, a lalubo mafitsarar gaban cinyoyi, za a ji ta kamar lemun tsami mai laushi, a matsa a hankali ba tare da tsunkuli ba, idan ta ƙi a dakata. Na bi ta Dutsin-Ma na nufi gida, ina ganin kaina malami.

Na tarar Inna ta riga ni. Ta shimfiɗa leda a lungun ɗakinta, ta ɗora buhu, ta ɗora tsofaffin zannuwa da take canzawa da zarar sun jiƙe. Tana wanke bayan magen da ruwan ɗumi, ta tsane shi sarai, ta shafa man basilin don kada fitsari ya ci fatar. Tana juya ta daga wannan gefe zuwa wancan don gudun gyambon kwanciya, tana rufe ta da tsohon gidan sauro saboda ƙuda, wanda in ya sami rauni a damina sai ya zuba tsutsa. Ta ware zanen salla daban, ta rataye a ƙusa. Matsar mafitsara kaɗai na koya mata, kuma a gwaji na biyu ta fi ni iyawa.

Na tambaye ta inda ta koyi sauran. Ta dube ni ta ce, "A jikin mahaifinka." Baba ya shekara huɗu a kwance da shanyewar ɓarin jiki kafin ya rasu. A shekarun nan ina aiko kuɗin magani kowane wata, ina zuwa da salla in gaishe shi cikin wankakkun kaya, kuma ban taɓa tambayar wanda ke wanke su ba, ko sau nawa a dare. Sai a gaban mage na ga aikin da aka yi wa mahaifina, ɗaya bayan ɗaya.

Maƙwabta sun yi ta magana, irin wadda ni ma na yi. Inna ba ta taɓa musu da kowa ba. Ƙanena ya gaya mini cewa wani dare da aka ji harbi daga nesa, mutane suka fice zuwa gonaki, ta ɗauki carbinta da tocila, ta saka magen a kwando ta ɗora a kai.

Ƙafafun ba su dawo ba. Magen ta yi shekara biyu tana jan jiki a tsakar gida, da tsumma ɗaure a gwiwoyinta don kada ƙasa ta goge su, tana cin tuwo da miyar kuka kamar da, har wata safiya cikin hunturu aka tarar ta mutu a kan zanenta. Inna yanzu gwiwoyinta sun fara ciwo. Zuwan da na yi na ƙarshe na roƙe ta ta nuna mini yadda ake juya mai kwance ba tare da an ja masa kafaɗa ba. Ta yi dariya, ta ce in ɗauko matashin kai.